Korau da Wayar Kwatano

A Rafin Ƙirya akwai wani manomi, Korau, wanda duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gida: shi, da matarsa Kuluwa, da tsohuwarsa Inna Tabawa. Yana da wa guda ɗaya, Ɗanjuma, tela a Kwatano, kuma a wurin Korau duniya ba ta taɓa yin mutum kamar yayan nan nasa ba. Shi ne ya aiko masa da babbar waya ta hannun wani direba, da saƙon a sa mata data don su riƙa gaisawa ta intanet.

Wata rana, ranar kasuwa, Korau ya tafi wurin masu kayan miya ya cika kwando da ɗata, mai ɗacin nan, ya binne wayar a tsakiya. Kwana biyu yana kasa kunne a bakin kwandon. Sai da Kuluwa ta zo ɗibar ta miya ta tsinci wayar, ta tasa shi gaba zuwa wurin Ilu mai caji. Ilu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya sa mata data. Korau ko a jikinsa. Ya ce dama ya lura ɗatar bana ba ta da ƙarfi.

Ilu ya ce masa in wayar ta yi ƙara ya ɗaga. Wata rana yana zaune cikin jama'a a gindin tsamiya, sai ga kira da hoton Ɗanjuma. Korau ya miƙe, ya ɗaga wayar sama da hannu biyu, yana jujjuyawa don kowa ya ga yayansa, har ta yi shiru. Sau biyar ana kira, sau biyar yana ɗagawa. Da yamma Kuluwa na gasa masa kafaɗa, yana gaya mata kiran ƙasar waje nauyi gare shi, ba kowa zai iya ba.

Da ya koyi amsawa kuma, sai murya ta riƙa yankewa. Ilu ya ce sabis ba ya isowa unguwarsu, sai ya hau dutse ya kamo shi. Wata rana da sassafe Korau ya ɗauki buhu ya hau. Can sama muryar Ɗanjuma ta fito tar. Ya buɗe buhun iska ta cika shi, ya ɗaure bakin tam, ya ɗauko a ka har ɗakin Inna, ya rufe ƙofa ya kwance. Shiru. Ya duba gindin buhun ya ga hujin ɓera, ya ce a hanya ya tsiyaye. Bayan damina aka kafa ƙarfen sabis a bakin kasuwa, Korau ya bi gari yana cewa nasa ne da ya zube ya tsiro.

A shekarar ne jikin Inna ya yi rauni. Ta daina fitowa tsakar gida, ko kunu sai an lallashe ta. Shekara bakwai rabonta da ganin Ɗanjuma, shi kuwa kullum sai ya ce aiki ya yi yawa.

Wata rana da hantsi Korau da yayansa suna cikin magana a waya, wani ya shigo shagon Ɗanjuma karɓar ɗinki. Ɗanjuma ya ce wa Korau, "Kada ka kashe, ina zuwa." Ya ajiye wayar a kan keken ɗinki.

Korau bai kashe ba. Ya jefa ta aljihun gaba, ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa.

"Inna, Yaya ya ce yana zuwa."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Inna."

Tsohuwa ta tashi zaune, ta ce a ba ta ruwan wanka, a kira mai kitso. Kafin Kuluwa ta gama tambayarsa yadda aka yi, labari ya zaga gari. Maƙwabta suka shigo da turame, Korau ya kwanto ragonsa ya aika a kira mahauci.

Sai wajen azahar Ɗanjuma ya tuna da wayar. Ya kara a kunne, ya ji luguden tabare da hayaniyar mata. Cikin hayaniyar ya ji muryar uwarsa, siririya, tana cewa a share ɗakin gabas, a rage barkono don yaron ba ya son yaji tun yana ƙarami. Ya buɗe baki zai ce kuskure aka yi, sai ya fasa. Ya kashe wayar, ya kulle shago, ya nufi tasha.

Kwana biyu Korau yana zuwa bakin titi ya tsaya, masu wucewa suna ƙunshe dariya, har Ilu ya zo ya ce ya haƙura, ba haka ake nufi da maganar ba. Rana ta uku da la'asar mota ta tsaya, Ɗanjuma ya sauko da jaka ɗaya. Korau ya karɓi jakar ya ɗora a ka, ya dubi Ilu, ya dubi sauran mutane.

Ya ce, "Ni dai tun da nake, ban taɓa jin Yaya ya yi ƙarya ba." Ya shige gaba, Ɗanjuma na biye da kai a sunkuye, har ƙofar da Inna ke tsaye da sabon kitso.