Man Gyaɗa a Bakin Kwamfuta

Ko na manta da komai na shekarar da na fara koyarwa a makarantar ƙauyenmu, ba zan taɓa mantawa da daminarta ba, wadda gero ya yi tsawon da ya rufe tagar ofishin hedimasta. A daminar ce tsofaffin ɗalibai suka kawo mana kyautar kwamfuta da solarta. Irin wadda komai nata ke cikin allon ce, babu akwati a ƙasa, sai wata 'yar tsaga a gefe kamar bakin asusu, inda ake zura faifai ta haɗiye. Da yake na taɓa zama a birni (ɗan zama ne a Rijiyar Zaki, amma a garinmu wannan ma digiri ne), ni aka damƙa wa makulli.

A lokacin kuwa ina fama da wani ciwo mai suna Safiya, 'yar Alhaji Ɗanlami, shugaban kwamitin iyayen yara. Ban taɓa yi mata magana ba. In na hango ta a hanya sai in sauka in hau duba tayar kekena, wadda lafiyarta ƙalau. Amma na san ta fito a faifan bikin wana, Yaya Sani, don haka na je aro wurin matarsa, Anti Bilki.

Ta daɗe tana juya shi a hannu. "Ka san shi kaɗai ne, ko? Mai ɗaukar bidiyon ya bar Gezawa tuntuni. Kuma Innata tana ciki, ban da nan babu inda zan ƙara ganinta tana motsi." Mahaifiyar tata ta rasu bayan bikin da kaɗan. Na ce mata aikin makaranta zan gwada. Ta miƙo mini tana cewa, "Allah Ya sa aikin bai yafa gyale ba."

Da aka tashi yara suka watse, na kulle kaina a ofis, na zura faifan. Hadari na haɗuwa, iska na kaɗa geron bayan taga, ƙamshin ƙasa na shigowa. A allo, can cikin taron matan biki, sai ga Safiya ta gifta da farantin alkaki, ta waigo, ta yi murmushi. A nan na tsayar da hoton. Ban san iya zaman da na yi ba. A zuciyata dai har na kai kuɗin gaisuwa, na gina mana ɗaki ciki da falo a gefen gonar Baba, na dasa zogale a tsakar gida, mun yi gardama kan sunan ɗan fari na bar mata. Kiran la'asar ne ya dawo da ni duniya.

Na danna wurin fitar da faifai. Kwamfuta ta yi gurnani ta yi shiru. Na sake dannawa, ta sake gurnani. Na zaro tsinken tsintsiya na zura, na ji yana karta wani abu, sannan ya karye a ciki. Sai na tuna yadda Baba yake yi wa kwaɗon rumbu in ya cije: gashin kaza da ɗan man gyaɗa. (Ka yi dariyarka, ni ma yanzu ina yi.) Na je na samo, na shafa wa tsagar nan har ta yi sheƙi, na kashe na'ura na ce ta kwana mai ya ratsa ta.

Washegari kuma ita ce ranar da kwamitin iyaye zai zo ganin kyautar. Sun shigo da manyan riguna, Alhaji Ɗanlami a gaba. Abin da ya fara tarbar mu layin kiyashi ne, daga ƙofa ya hau ƙafar tebur ya shige tsagar. Hedimasta ya shaƙi iska ya ce, "Malam, wa ya soya ƙuli-ƙuli a nan?" Na ce ƙila daga maƙwabta ne. Ya ce to, a kunna wa iyaye su gani.

Na kunna ina addu'a. Ita kuwa ba ta manta inda muka kwana ba. Fuskar Safiya ta cika allo, da murmushinta da alkakinta. Na rungumo kwamfutar don in juyar da ita bango, ta karkace, sai ga faifai ya sulɓo da kansa, ya diro ƙasa, ya gangara a hankali har ya kwanta a gaban takalmin Alhaji.

Ya sunkuya ya ɗauka, ya dubi man da ke yatsunsa, ya dube ni. "Malam," in ji shi, "ai gidana yana da zaure." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Amma kunyar da ta fi ci na tana gida. Anti Bilki ta shinshina faifan, ta wanke shi da sabulu, ta goge da gefen zaninta, ta sa a na'urarsu. Ya yi ta tafiya lafiya har zuwa wurin Safiya, sai ya cije, inda tsinkena ya karta. Na fara ba da haƙuri. Ta ɗaga mini hannu, idonta na kan talabijin. A bayan kafaɗar Safiya, can gefe, ga Inna zaune kan tabarma tana dariya, hannunta a haɓa. Duk zaman da na yi ina kallon hoton nan, ban gan ta ba.

"Bar shi a nan," in ji Anti a hankali. "Dama nan nake tsayarwa."

Zauren Alhaji dai manya sun je daga baya, kuma har yau in wayata ta ƙi caji, Safiya takan tambaye ni ko ta kawo mai. Ni kuwa na koyi abu biyu: man gyaɗa na kwaɗon rumbu ne, kuma in an ba ka aron hoto, ka fara duba wanda mai shi yake kallo.