Fiffike a Goshina, Minista a Gabana

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya ƙiƙam kamar taɓarya a gaban minista ba, makarantarmu kaf tana rawa, ni kaɗai ina kallon tsinin hancina. Har yau a Zongon Lome akwai tsofaffin da ba su riƙe sunana ba, "Mai Malam" kawai suke ce mini. Bari in faɗa muku yadda aka yi, tunda kunyar ta tsufa, haƙoranta sun zube.

A bayan gidanmu akwai ɗan fili tsakanin rijiya da katanga, inda kakata ta dasa lemun tsami da yakuwa. Ita lambu take ce masa, Baba kuwa wurin shanya. Ina shekara ta biyu a lise, wato babbar sakandare, na lura da wasu abubuwa a kan ganyen lemun masu kama da kashin tsuntsu. Sai na ga kashin tsuntsun yana tafiya. Ashe tsutsotsi ne. Suna ci suna girma har su koma kore shar, sannan kowace ta ɗaure kanta a jikin reshe da zare siriri, ta rufe kanta cikin kwanso kamar malamin da ya shiga halwa. Bayan kwanaki sai ka tarar da kwanson a tsage, malam-buɗe-littafi ya fito, baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya, da jan ido a gefen kowane fiffike na baya.

Daga ranar na zama makiyayiya. Na yanki tsohon gidan sauro na lulluɓe kwando, saboda ƙadangaru da kajin maƙwabta. Kullum in tsinko musu sabon ganye, in share kashinsu, in zauna ina karanta musu waƙoƙin da nake rubutawa (ba su taɓa kushewa ba, shi ya sa nake ganin ni gwana ce).

"Ke 'yar nan," in ji Kaka, "mutane na kiwon kaji su ci ƙwai, ke kina kiwon abin da ke cinye mini ganye. Wannan a wane littafin bokon aka rubuta?"

Amma ita ce ke korar kaji da muciya idan ba na nan.

Burina ɗaya ne: in ɗauki hoton lokacin da yake fitowa daga kwanso. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilyasu, yana da shagon hoto a bakin titi. Na yi ta naci har ya ara mini wata tsohuwar kamara da ragowar fim a ciki.

"Ga ta nan," ya ce. "In kika ƙarar mini da fim a kan ƙadangare, ke da ƙadangaren za ku biya."

Matsalar ita ce da safe suke fitowa, lokacin ina aji. Ranar Lahadi kuwa, da nake zaune gadi da kamara a cinya, ko ɗaya ba ya motsi, kamar sun haɗa baki. Wata rana na dawo na tarar ɗaya ya faɗo ƙasan kwando tun fiffikensa bai bushe ba. Ya ƙanƙance kamar takardar da aka murje. Ya rayu, yana tafiya da ƙafa a kan tafin hannuna, amma bai taɓa tashi ba. A nan na gane cewa sabon malam dole ya rataye shiru, kai sama fiffike ƙasa, har iska ta busar da shi. Na yi kuka ranar, Kaka ta ce ko gaisuwar mutuwa za a zauna.

To, a wancan zamani jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar, kowa ɗanta ne tun yana zanen goyo. Idan babban mutum zai zo, sai a jera 'yan makaranta cikin atamfa iri ɗaya, a yi ta waƙar yabo da rawa da tafi. Animasiyo ake ce wa abin. Ba wasa ba ne. Ka yi sanyin jiki a sahu, a ce kana da wata manufa, kuma an kori ɗalibai a kan abin da bai kai haka ba. Baba ma ya riga ya gaya mini matsayina:

"Ranar da aka koro ki, ga rumfata can a kasuwar Adawlato. Ki auna yadi har ki tsufa."

Ni kuwa ilimin halittu nake so in karanta, ba awon yadi ba.

Aka ce wani minista zai ziyarci makarantarmu a unguwar Tokoin. Ni aka sa a sahun gaba, wai ina da tsawo. Ranar, bayan sallar asuba, na leƙa kwando. Kwanso ɗaya ya rage mini, don Kaka ta rantse ba za a sake tsinkar mata ganye ba sai bishiyar ta farfaɗo. Ga shi ya yi duhu, har ana hango ɗige-ɗigen fiffike ta cikinsa. Yau zai fito.

Sai shaiɗan ya kawo mini shawara, cikin murya mai daɗi. Manya ba sa zuwa a kan lokaci. Kullum sai mun gasu a rana har azahar. In na tafi da shi, zai fito muna jira, in zame bayan aji in ɗauki hotona, in dawo sahu ba wanda ya sani. Na karyo ɗan reshen, na soke shi a cikin naɗin ɗankwalina ta gaba, na bar wa kwanson ɗan sarari ya rataye. Kamara kuma cikin jaka.

Abu na farko da ya lalace: muna shiga aka karɓe jakunkuna aka kulle a aji. Abu na biyu: ministan nan, Allah Ya saka masa, ya zo a kan lokaci. Ban taɓa ji ba, ban kuma sake gani ba.

Jiniya ta yi kuka, ganguna suka ɗauka. Muka fara: ƙafar dama, ƙafar hagu, tafi, juyi. Sai na ji wani ɗan motsi a saman goshina, kamar ana sosa ni da zare. Ƙananan ƙafafu suka sauko suka kama bakin ɗankwali. Na ɗaga ido. Ga shi nan rataye tsakanin girata biyu, jiƙe, fiffikensa a cukuikuye kamar sabon jariri.

Juyi na gaba da tsalle yake zuwa. Na tuna rumfar Adawlato. Na tuna wanda ya yi tafiya a tafin hannuna. Ba zan ce na yi wani dogon tunani ba, ƙafafuna ne kawai suka ƙi.

Ƙawata Afi, wadda ke kusa da ni, ta zungure ni da gwiwar hannu ba tare da ta daina murmushi ba.

"Ke! Kin mutu ne? Yi rawa!"

"Ba zan iya ba," na ce ta gefen baki.

"Ciki ne ke ciwo?"

"Dubi goshina."

Ta duba, ta saki wata 'yar ƙara, ta ɓata taku, ta taka ta bayanta. Sahu ya karkace. Mai koya mana rawa yana ta hura usur yana zare mini ido. Ni kuwa ina tsaye, hannuwa a buɗe kamar mai ɗauke da tulu, idanuna biyu sun haɗu a tsakiya. Kuma wallahi, duk da tsoron, abin da nake gani ya fi ƙarfin tsoro. Fiffiken yana buɗewa a hankali, rawayar tana bazuwa cikin baƙin kamar fitilun masunta a kan teku. Abin da na yi watanni ina jira, ga shi a wurin da ko madubi ba zai fi ni kusa ba.

Gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ji ƙamshin turare. Minista ne a gabana, Direktan makarantarmu a bayansa yana zufa har cikin kwala.

"Yarinya," ya ce da Faransanci, "me ya hana ki rawa?"

Ina da amsoshi masu kyau da yawa, duk sun zo mini bayan sati guda. Abin da ya fito a lokacin shi ne:

"Ranka ya daɗe, bai bushe ba."

Minista ya sunkuyo, ya gyara tabarau. Direkta, wanda na tabbata yana hango kansa a wani ƙauye can arewa, ya yi wuf ya ce:

"Ranka ya daɗe, shiri ne na sashen kimiyyarmu! Hatta ƙwarin ƙasar nan sun fito tarbarka!"

Minista ya fashe da dariya. Da ya yi, sai kowa ya tuna cewa abin dariya ne. Ya yafito mai hoto, ya tsaya a gefena. Mai hoton da makaranta ta ɗauko kuwa ba kowa ba ne, Kawu Ilyasu ne, yana cizon leɓe.

Akwai abin da na sani game da sabon malam-buɗe-littafi, wanda na manta a lokacin. Kafin ya tashi, sai ya zubar da duk dattin da ya tara a cikin halwarsa. Kawu na cewa "Kar a motsa," na ji wani ɗigo mai sanyi ya sauka a karan hancina, ja-ja kamar ruwan goro, ya gangaro a hankali ya tsaya a tsini.

Ƙyas.

"Ya yi mata kashi!" wata ta faɗa daga sahun baya, da Hausa tsantsa, wata kuma ta fassara wa sauran. Ban goge ba. Ina gogewa zai faɗo. Haka na tsaya da abina a hanci, ana ci gaba da biki a kewaye da ni, an ma ba ni izinin tsayuwa a hukumance. Can ana tsakiyar jawabi ya buɗe fiffike, ya rufe, ya buɗe, ya tashi. Ya bi ta saman kan manyan baƙi, ya haye katanga, bai gaida kowa ba.

Ba a kore ni ba. Direkta ya kira ni ofis, ya yi mini faɗa har muryarsa ta dushe, sannan ya rage murya ya ce watan gobe wani babba zai zo, ko zan iya kawo guda ashirin su fito daidai lokacin da zai sauko daga mota? Na ce masa cikin ladabi ba sa bin tsarin biki. Ya dube ni kamar bai taɓa jin akwai irin wannan halitta a ƙasar ba.

Kawu kuwa ya wanke hoton, ya aika wa makaranta da cikakken, ya sake wanke wani ya yanke minista, nawa rabin ya manna a gilashin shagonsa. Duk Zongo sai da ta zo kallo. Ga ni nan da idanu a harɗe, baki a buɗe, ɗigo a hanci. Amma ku dubi saman goshin. Kowane ɗigon rawaya ya fito, fiffike huɗu lafiya lau, ba ko lanƙwasa. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, aƙalla shi ya yi kyau." Kaka ta ce a ba ta ɗaya, ta kuma ɗage dokar ganye.

Hoton yana jikin bangona yanzu, kuma ba na juya shi idan baƙi sun zo. Darasin da na koya? In za ka tsaya wa mai rauni a gaban manya, ka tsaya da gaske, amma kada ka sa ran godiya. Wanda ka ceta ɗin ma, kafin ya tashi, a hancinka zai sauke nauyinsa.