Ranar da Na Kai Mai Saye Gidan Malam

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta da safiyar da na kai mai saye gidan mahaifina ba. Har yau in ta faɗo mini ina cin abinci, sai in tsame hannu.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu, shekarun nan da kuɗin fetur suka fara juya kawunan mutane. Kowa maganar bulo da kwano yake. Abokan aikina suna ta yankar filaye, ni ina fama da gidan haya, ga gidan Malam mahaifina can a Kwandiko, ƙasar Gwaram, a kulle tun rasuwarsa. Sai zuciya ta ce mini, me zai hana ka sayar da jar ƙasa ka sayi siminti?

Cikas ɗin kawai, gidan yoyo yake. Soron Malam in ana ruwa, gara ka tsaya a tsakar gida. Don haka na zauna na tsara dabara irin ta masu ilimi: a bari sai sanyi ya shigo. Ruwa ya ɗauke, bango ya bushe ƙarau, an sayar da gyaɗa, hannun kowa da maiƙo. (Har bayani na yi wa matata ina taƙama, kamar ina gaban allo. Ta ce, "Ka gaya wa mutanen gida kuwa?" Na ce ai ba taron suna ba ne.)

Na samu wani Alhaji Sabo, mai sayen gyaɗa a Gwaram, yana neman inda zai riƙa tara buhuna. Na rantse masa cewa gidan ko ɗigo ba ya yi. Ya ɗauke ni a a-kori-kurarsa, muka isa da hantsi.

Ga abin da ilimina bai hango ba. Da damina Kwandiko ba kowa da safe, har tsofaffi suna gona. Da sanyi kuwa ba aikin fari bare na baƙi, kuma bangon gabas na gidanmu shi ne wurin shan hantsin dattawan unguwa tun Malam yana da rai. Muna karyo kwana na gan su a jere, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, ya jingina da hajar da na zo sayarwa.

Baba Ilu ne ya fara miƙewa, aminin mahaifina, wanda ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Ya dubi mota, ya dubi Alhaji, ga shi lokacin gyaran gidaje ne, sai ya haɗa lissafinsa.

"Alhamdu lillahi!" in ji shi. "Ɗan Malam ya kawo ɗan kwangila! Ban ce muku yaron nan ba zai bar gidan ubansa ya faɗi ba?"

Nan take suka ɗaga hannu. Allah ya yi mini albarka, Allah ya ba ni masu yi mini, Allah ya sa in gama lafiya. Ni kuma, maimakon in buɗe baki in gyara zance, sai na ɗaga nawa hannun ina cewa amin. (Har shafawa na yi, wallahi.)

Daga nan na buɗe gidan, suka kama Alhaji suka shiga da shi ciki, don kada aiki ya ba shi wuya.

"Ka ga nan, Alhaji? Nan ruwa yake kwanciya har gwiwa."

"Azarar nan gara ta gama da ita, kada ka tsaya a ƙarƙashi."

"Indararon can ai ciki yake zubarwa, ba waje ba."

Ina biye da su kamar akuyar da za a kai kasuwa. Alhaji yana ta cewa "to, to". Da suka gama, ya kakkaɓe riga ya ce, "Baba, ni fa ba magini ba ne. Malamin makaranta ne ya ce in zo in ga gidan sayarwa. Ya ce ko ɗigo ba ya yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Ilu ya juyo. "Gaskiya ne, yaro?"

Na ce, "Ai Baba, shawara ce dai ake yi."

Ya ce, "Yoyon da ka ɓoye, wannan tsakaninka da Alhaji ne. Amma mu ka bari muka ɗaga hannu, har kana cewa amin?"

Ya fita, ya naɗe buzunsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zage ni, kuma da zagin suka yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya ce yana da uzuri a Dingaya, ya ja motarsa ya bar ni tsaye.

Gidan bai sayu ba, kunya kuma ta hana ni komawa in gyara, har soron ya zube. Haushin da nake ji shi ne, a Kwandiko har gobe sunana "mai sayar da gida", alhali ko tubali ban taɓa sayarwa ba. Ni dai na koyi darasina: in za ka zaɓi lokacin sayar da gidan ubanka, kada ka tsaya duba sama kawai. Fara duba su wa ke jingine da bangon.