Ranar da Na Auna Ruwan Hanyar Kuje

Kwana biyu bayan guguwar da ta kwashe rufin rabin unguwarmu a Kuje, na saka farar shadda na shiga motar haya, domin ranar za a yi mini intabiyun ƙarin girma. Ba mu yi nisa ba direba ya taka birki, ruwa ya shafe titi.

"Oga, ba zan shiga wannan ba, sai dai mu zagaya," in ji shi.

Zagayen awa guda ne, ni kuwa ba ni da ita. Na gyara hula na sanar cewa shekarata goma sha biyu ina bin hanyar nan, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Madam Rifkatu, wadda muke ofis ɗaya, ta ce, "Oga, bari wata mota ta fara wucewa mana." Na yi mata murmushin tausayi, na tuɓe takalmi, na tattare wando, na shiga in nuna musu.

Taku shida na yi cikin ƙasaita. A na bakwai na gano ambaliya ta ɗauke murfin kwata, na nutse har wuya. Direban ne ya jawo ni, yana cewa, "Mun gode, oga, yanzu mun san zurfinsa."

Da jallabiyar aro na zauna gaban daraktoci. Har yau, da hadari ya haɗu sai Madam Rifkatu ta leƙo ofishina ta ce, "Oga, direbobin Kuje suna jiranka ka auna musu hanya."