Rasuwar Katin Bankin Hajiya Tasallah Mai Shinkafa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, iyalan Hajiya Tasallah Mai Shinkafa ta Kaoje suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan ciniki na nan gida da na ƙetaren iyaka, rasuwar katinta na banki tare da asusun da yake ɗauke da shi. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya, bayan doguwar jinyar da Hajiya ce ta sha wahalarta, shi kuwa yana kwance abinsa cikin lalita.

An haife shi a Birnin Kebbi, shekarar da aka ce duk macen da ke son shiga ƙungiyar masu gumin shinkafa sai ta buɗe asusu. Hajiya ta je aka ɗauki hotonta, ta dangwala yatsa, ta dawo da shi naɗe cikin ƙyalle, kore shar, da sunanta a jikinsa an cinye harafi biyu. Ranar har maƙwabta suka shigo kallo.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya shaide shi da cika alkawari. Tsawon rayuwarsa bai taɓa makara wajen cire kuɗin kula da shi ba. Ya cire na saƙo, ya aiko saƙo cewa ya cire, sannan ya cire kuɗin wannan saƙon. Idan kuwa kuɗi ne suka shigo, kunya ce ke kama shi, sai ya kwana biyu bai iya buɗe baki ya faɗa ba. Mutum ne mai son hutu: ba ya aiki ranar kasuwa, ba ya aiki idan hadari ya haɗu, jajibirin Sallah kuwa ko gaisuwa ba ya amsawa. Za a daɗe ana tuna muryarsa a shagon Bunyaminu mai POS, inda yakan yi ɗan ƙara, ƙiit, ƙiit, ya yi shiru kamar mai nazari, sannan ya turo 'yar farar takarda mai cewa an ƙi.

Ciwon ajali ya kama shi a watan Agusta, lokacin da gulbi ya fara cika. Malam Ma'azu, manomi a bakin fadama, yana da shinkafar rani buhu talatin a rumbu, ruwa kuma ya kusa ƙofarsa. Ya aika wa Hajiya, don shekara takwas ita ke sayen amfaninsa. Suka yi ciniki, suka sallama, suka taka tare zuwa shagon Bunyaminu. A gida Hajiya ta baro mata bakwai da ke yi mata gumi, sun wanke tukwane, sun faskara itace, suna jiran shinkafa. A bakin ruwa kuma akwai wani ɗan kasuwa daga Jamhuriyar Benin zaune cikin kwalekwalensa da jakar kuɗi a cinya, yana jiran cinikin ya lalace.

Aka sa marigayin a na'ura. Ya yi ƙiit, ya yi shiru. Wayar Hajiya ta yi ƙara.

"Kuɗin sun fita," in ji ta. "Ga alat nan."

Bunyaminu ya juyo mata da na'urar. "Hajiya, wallahi nan ba su iso ba. Duba da idonki."

"To ina suka tsaya? Tsakanin hannuna da hannunka akwai gulbi ne?"

Malam Ma'azu mutum ne mai kara. Ya zauna a benci daga hantsi har azahar, ya je ya yi salla ya dawo, ya zauna har la'asar. Da aka zo aka ce masa ruwa ya taɓa gindin rumbu, sai ya miƙe, ya cire hula ya mayar.

"Hajiya, ki gafarce ni. In na ƙara jira, ni da ke duka mun rasa."

"Tafi, Malam," ta ce. "Ba kai ka yi min ba."

Tana tsaye aka loda buhu talatin cikin kwalekwale, aka tura shi. Ta koma gida ta tarar da matan bakwai a zaune. Da suka gan ta hannu biyu, ɗaya bayan ɗaya suka kife tukwanen suka yafa mayafansu.

Iyalai suna so jama'a su sani cewa an yi wa marigayin iya ƙoƙari. Washegari Hajiya ta hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Bagudo cikin taɓo, ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ta bi layi daga bakin titi har cikin sanyin banki. Da ta isa gaban kantar bankin, ma'aikacin bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ya turo mata fom.

"Mama, cike wannan. Ki dawo bayan kwana goma sha huɗu na aiki."

"Mi kac ce, ɗana?"

"Kwana sha huɗu na aiki."

"Ni kwanakina duka na aiki ne. Naku waɗanne ne?"

Sai ya kira na bayanta. Kuɗin sun dawo bayan kwana ashirin da uku, a rame, an ɗan gutsure su saboda gajiyar hanya. Kafin nan shinkafa ta yi tsada, biyu daga cikin matan kuma sun koma aiki wani gidan.

Ɗiyarta Shafa'atu, malamar firamare a Bahindi, ita ta fara kawo maganar canji. Ta ce akwai wani banki da wakilinsa ke zaune nan Bagudo kusa da tasha, tiransifa kyauta har sau da yawa a wata, in ka sayi katin waya su mayar maka da ɗan wani abu, in ka kira su kuma mutum ne zai ɗauka, da Hausa.

"Daɗin baki kam na ji irinsa," in ji Hajiya. "Wancan ma da murmushi ya karɓe ni."

"Inna, ki gwada su da kaɗan."

Ta gwada su da kaɗan, ranar kasuwa, ga hadari ya haɗu. Kuɗin suka isa kafin ta mayar da waya cikin lalita. Ta sake gwadawa sau huɗu, tana neman laifi, ba ta samu ba. Hajiya ba ta ce ta yarda da su ba, har yau ma ba ta ce ba. Ta dai kwashe abin da ke tsohon asusu ta mayar can.

Kwana uku da yin haka, sai ga kira daga tsohon bankin. Manaja ne da kansa, murya kamar an shafa mata man shanu.

"Hajiya, ranki ya daɗe. Mun ga kin janye komai. Ke fa babbar abokiyar hulɗarmu ce. Mun ajiye miki kalanda da lema."

"Ashe kuna da lambata?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya."

"Shekara goma sha ɗaya kuna da ita, sai yau ta yi muku aiki? Riƙe lemar, Manaja. Damina ta riga ta dake ni."

Ta kashe wayar. Ranar Talatar da ta biyo baya ta je ta sa hannu aka rufe asusun, marigayin ya cika a kan kantar banki, ba tare da ya ce ƙiit ba.

Ya rasu ya bar littafin cek guda wanda ba a taɓa yagar ko shafi ɗaya ba, da lambar sirri huɗu da Hajiya ta sha wuya kafin ta haddace, da tarin fararen takardu na an ƙi cike da kwanon sha. Ya bar kuma saƙon taya murnar ranar haihuwa da ke zuwa duk ɗaya ga Janairu, ranar da Hajiya ta rantse ba a cikinta aka haife ta ba. Yana da 'yan'uwa da yawa a aljihunan mutanen Kaoje, duka suna fama da irin ciwonsa. Allah Ya ba masu riƙe da su haƙuri.

Za a yi sallama da shi ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan Hajiya. Ɗanliti tela ya ba da aron babban almakashinsa, Bunyaminu zai riƙe, Hajiya za ta datsa shi gida huɗu. An so a jefa shi a gulbi, amma masunta sun roƙa a rufa musu asiri, kada ya fara cire wa kifi kuɗin kula. Ba zaman makoki, don ranar akwai aiki: Malam Ma'azu ya samo wa Hajiya buhu goma sha biyu a hannun ƙanensa, an kuma biya nan take. Saboda haka, da an datsa marigayin za a zuba shi a murhu ƙarƙashin babbar tukunyar gumi, ko sau ɗaya ya ƙara wa wuta ƙarfi a sana'ar da ta ciyar da shi.