Motar Kawu Ermete

Wani ne a ƙauyenmu, can bayan birnin Modena, kawunsa Ermete ya mutu. Dangi suka raba gona da shanu, shi kuma aka ba shi ɗakin ajiye ciyawa, wai ya je ya ji da ɓeraye.

Ya shiga da manjagara yana tsaki. Ya caka, sai ƙarfe ya ce ƙwal! Ya yaye ciyawa, sai ga mota doguwa, mai hanci kamar na kada, ƙura ta yi mata bargo.

Matarsa Ornella ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Motar mawaƙiyar nan ce!"

Kowa a garin ya san labarin. Wani maƙeri ne ya ƙera irinta da guduma, hannu da hannu, 'yan ƙalilan ya yi ya karye. Kawu ya sayi ɗaya don ya kai wata mawaƙiya bakin tekun Faransa. Ya kai ta lafiya lau, ta dawo a motar wani. Tun ranar ya tura tasa cikin ciyawa, bai ƙara kallonta ba har ya mutu.

Gogan naku ya ga hanyar rabuwa da aikin juya cuku a masana'anta. Ya buga wa wani dillalin tsofaffin motoci waya a Milan, Dottore Gualandi. Da mutumin ya ji irin motar, sai ya ɗaga murya.

"Kada ka taɓa ta! Ko hura mata iska kada ka yi! Ina nan tafe ƙarshen wata."

Gogan ya nufi shagon shan kofi, ya samu Primo bakanike, ya kwashe labari ya gaya masa.

Primo ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Ka san mutanen Milan. So yake ya same ta da datti, ya taya ta kuɗin keke."

"Ni zai yi wa wayo? Ni?"

"Kai kuwa, wa ya isa! Kawo ta gareji, abokina. Don Kawu zan yi."

Aka wanke ta da omo da buroshin wanke ɗakin shanu. Gogan ya duba fenti, ya ga ya koɗe.

"Wannan shuɗin na masu zaman makoki ne. Ja nake so, irin na tumatir."

Primo ya buɗe gaban mota. Inji ne mai silinda goma sha biyu, kwance kamar zaki.

"Kash! Wannan shan mai zai yi kamar jaki a rafi. Ina da na wata motar kai burodi, ƙarami, ba ya ko tari. Tsohon kuma bar shi nan, na rage maka shara."

Kujerun fata sun tsattsage, Primo ya rage masa shara. Sitiyarin katako ya dushe, Primo ya rage masa shara. A aljihun gaba aka samu gyalen mawaƙiyar, har da sauran ƙamshinsa. Da shi gogan ya goge taya.

Ornella ta ce, "Kai, mutumin nan fa cewa ya yi kada a taɓa."

"Ke dai ki ji da tukunyar taliyarki. Harkar mota ta maza ce."

Ranar da Dottore ya iso, da farar safar hannu ya zo, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Gogan ya ja mayafi, fuu! Mota ta fito ja wur, kujeru sanye da rigar leda, ga ɗan kare na roba yana kaɗa kai a baya.

Dottore ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ina ƙurar?"

"Ƙura? Tana kwata, ranka ya daɗe."

"Fentin maƙerin fa?"

"Sai da muka sha wuya kafin ya kankaru."

Dottore ya buɗe gaba. Ya leƙa, ya leƙa, da ƙyar ya hango inji can a lungu. Ya zauna daɓas a ƙasa, da kwat ɗinsa da komai.

"Bawan Allah, irinta da ba a taɓa ba, ita kaɗai ta rage a duniya. Ƙurar nan ita ce shaidarta! Ina injin? Ina kujerun?"

"Suna wurin Primo. Kyauta ma ya kwashe min, mutumin kirki."

Aka ruga gareji. Ƙofa a garƙame. Maƙwabta suka ce ai tun jiya wata babbar mota mai lambar Suwizalan ta zo ta yi lodi, Primo kuma ya tafi shan iska bakin teku.

Suka dawo. Dottore yana share hawaye da safar hannu, gogan yana biye da shi.

"To ka taya mana, ranka ya daɗe. Ka ji ƙararta kuwa? Tsit, kamar keken ɗinki!"

"Ni abin da yake yadda aka ƙera shi nake saye. Wanda hannu bai taɓa ba. Akwai sauran abu ɗaya irin wannan a gidan nan? Ko ɗaya?"

Ornella ta goge hannu da zanen girki, ta nuna mijinta da ludayi.

"Ga kan wannan, ranka ya daɗe. Tun da aka ƙera shi, ko sau ɗaya ba a tayar da shi ba."