Ƙaiƙayin da Na Ara

Jama'a, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai kwanakin baya aka guje ni a sahun azahar. Muttaka mai faci, wanda muka shekara ashirin muna haɗa kafaɗa, ya matsa gefe yana toshe hanci da hannun riga. Ban ga laifinsa ba. Tafarnuwa ƙwaya bakwai na tauna, kuma lafiyata ƙalau.

Ga yadda aka yi. Mai ɗakina Laure ta yi kwana biyar tana zama da gefe ɗaya. Da na matsa mata da tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, sanyin nan ne na mata, ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Amma wallahi in wani ya ji, gidanmu zan tafi."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Dabara ta faɗo mini: in nemi magani, in ce ni ke fama.

Bappa mai shayi kaɗai na raɗa wa. Kafin ya gama soya ƙwai, labari ya kai bakin kasuwa. Shi ne ya ce tafarnuwa, kuma ya tsare ni da ido sai da na tauna a gabansa. Tsohuwa Maiturare, maƙwabciyarmu, ta aiko da kindirmo a ƙwarya, wai rabi a sha, rabi a shafa. Wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya taso tun daga Jajaye a kan keke, ya kawo mini bagaruwa da kanumfari, ya ce a tafasa a zauna a ciki. Har yau ban san wa ya gaya masa ba.

Duk na kwasa na kai wa Laure. Ta gwada ruwan kanumfarin, abu ya koma raɗaɗi. Na same ta a bakin gado tana hawaye ba sauti. Daga nan na daina jin daɗin dabarata.

Washegari na nufi ɗan asibitin ƙauyenmu, can tsakanin Ƙaraye da Rogo. Malama Munawwara, ma'aikaciyar wurin, ta gaishe ni ta ce, "Baba, yaya abin yake maka?" Na fara zayyano abin da Laure ta gaya mini. Ban kai rabi ba ta ajiye biro.

"Baba, je ka kawo mai ciwon."

Na kawo ta ta ƙofar baya. Bayan ta duba ta, Malama ta yi mana faɗa mu biyu: kada a ƙara cusa komai, a daina zama a ruwan yaji, a yi tsarki da ruwa zalla, a sa kamfai na auduga busasshe. Ta ce ciwo ne da ke samun mata da yawa, ba abin kunya ba ne, maganinsa ma ba wuya.

Na ce, "Alhamdu lillahi. A ba mu."

Ta nuna mini sito da ƙaton kwaɗo a jiki. Magani na ciki, kwali kan kwali, tun farkon damina. Ba a taɓawa sai Mai Girma Garkuwan Masu Alkawari ya zo ya miƙa da hannunsa a gaban mai hoto. Sau uku ana sa rana. Na farko an yi ruwa, na biyu yana Umara, na uku matar mai hoton ta haihu. Ku faɗi gaskiya, ina za a sami shugaba mai tausayi haka, wanda ba zai raba mutum da maijego ba?

Malama ta rubuta mini suna a takarda, na hau babur zuwa kemis a Ƙaraye. Cikin mako guda Laure ta miƙe, har tana daka tana waƙa.

Asabar ɗin nan Mai Girma ya iso da motoci goma sha biyu da makaɗa. Aka ce ana son majinyaci ɗaya a hoto. Kafin in juya, Bappa da Muttaka sun tura ni gaba. Mai lasifika ya kira sunana da na mahaifina, ya ce ga bawan Allahn da ya daɗe yana susa. Mai Girma ya miƙo mini kwali, ya dafa kafaɗata ya ce, "Daga yau ka huta." Aka yi tafi. Na hango Laure cikin mata ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na rawa don dariya.

A gida na juya kwalin na duba. Wa'adin maganin ya ƙare tun watan jiya. Ranka ya daɗe, kada ka damu, ba raini ba ne. Maganin ya jira iya ƙarfinsa.